Nau'o'in Tsarin Kafel a Sashen Mace na Fure: Nazari a Kan Amfanin Gona da Itatuwan Ƙasar Gumel

Tsakure

Wannan takarda ta nazarci yadda kafel, wato ganyen-mahaifa, yake tsaruwa a sashen mace na furannin tsirran da ake nomawa da waɗanda suke fitowa da kansu a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar na Jihar Jigawa. An bi hanyar siffantawa da kwatance, inda aka auna siffar fure da siffar ɗan da ya nuna. Nazarin ya nuna cewa duk manyan tsare-tsare uku da masana suka sani, wato tsarin tilo da tsarin rarrabe da tsarin haɗe, ana samun su a wannan yanki. Ya kuma nuna cewa yawan ɗakuna ko ƙwayoyin da ke cikin ɗan da ya nuna ba ya isa hujja a kan yawan kafel, domin riɗi da gero da zogale da aduwa duk sun saɓa wa wannan ma'auni. Daga ƙarshe takardar ta bayyana tasirin tsarin kafel a kan barbara da girbi da zaɓen iri.

1.0 Gabatarwa

Duk ƙwayar hatsi da ɗan itacen da ake kaiwa kasuwa daga sashen mace na fure suke fitowa. Tsirrai masu fure, waɗanda jinsunansu suka kai kimanin 300,000, sun bambanta da sauran tsirrai masu iri ta fuska ɗaya babba: ƙwan-irinsu a rufe yake cikin kafel. Yawan kafel da yanayin zamansu, ko a rarrabe ko a haɗe, su ne suke ƙayyade siffar ɗa da yawan ƙwayar da zai ɗauka da kuma yadda zai buɗe idan ya bushe.

Akwai matsaloli biyu a yadda ake koyar da wannan darasi a Arewa. Ta farko, misalan da littattafan karatu suka fi kawowa na furannin ƙasashen sanyi ne ko furannin ado, waɗanda ɗalibin Gagarawa ko Sule Tankarkar ba ya cin karo da su a gonar gidansu. Ta biyu, an saba yanka ɗan da ya nuna a ƙirga ɗakunansa, a ce yawan kafel ke nan. Wannan ma'auni yakan yi daidai a kuɓewa da albasa, amma yakan kuskure a manyan amfanin gonar da yankin ya dogara da su.

1.1 Manufar Takarda

Manufar takardar ita ce: (a) rarraba sanannun tsirran ƙasar Gumel bisa tsarin kafel ɗinsu, (b) gano wuraren da siffar ɗa take ɓoye ainihin tsarin fure, (c) bayyana abin da wannan ilimi yake nufi ga malami da manomi da mai binciken iri.

1.2 Farfajiyar Nazari

Masarautar Gumel tana arewacin Jihar Jigawa, jihar da aka ƙirƙiro a 1991, kuma ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar. Ƙasarta rairayi ce, daminarta gajeriya, galibi daga Yuni zuwa Satumba. Gero da dawa da wake da gyaɗa su ne abincin yau da kullum, riɗi da zoɓo kuwa amfanin sayarwa ne da ake fitarwa har ƙasashen waje. Maigatari, wadda kasuwarta take ci ranar Alhamis, tana daga cikin manyan cibiyoyin wannan ciniki. A gonaki da dazuzzuka akwai gawo da bagaruwa da daƙwara da aduwa da magarya da kuka da goruba da tumfafiya.

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Rudolf Camerarius na Jamus ne ya tabbatar ta hanyar gwaji, a 1694, cewa tsirrai suna da sashen namiji da na mace. Daga cikin tsirran da ya yi gwajin da su akwai zurma da masara. A 1735 Carl Linnaeus ya gina rabe-rabensa a kan ƙirga sassan fure, inda yawan sassan namiji ya ba da aji, yawan sassan mace kuma ya ba da rukunin da ke ƙarƙashin ajin. Tsarin ya sauƙaƙa gane tsirrai, sai dai ya haɗa waɗanda ba su da dangantaka a wuri ɗaya.

Goethe (1790) ya kawo ra'ayin cewa duk sassan fure ganyaye ne da suka sauya kama. A bisa wannan ra'ayi, kafel ganye ne da ya naɗe, gefunansa biyu suka haɗu, ƙwayayen-iri suka jeru a kan wurin haɗuwar. Dunal (1817) ya yi amfani da kalmar kafel a littafinsa kan dangin Annonaceae, dangin da gwandar daji take ciki. Bessey (1915) ya ɗauki tsarin rarrabe a matsayin na asali, tsarin haɗe kuma wanda ya biyo baya.

Carr da Carr (1961) sun karkata ga amfanin haɗuwar. Sun nuna cewa idan kafel suka haɗu sukan samar da hanya ɗaya ta tarayya, wadda zaren barbara yake bi ya shiga kowane kafel. Endress (1982) ya ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na jinsunan tsirrai masu fure suna da tsarin haɗe. Armbruster da abokan aikinsa (2002) sun nuna cewa wannan haɗuwa ta auku sau da dama a dangogi daban-daban, kuma tana ƙara yawan iri da ingancinsa. Ta fuskar ƙwayoyin gado, Coen da Meyerowitz (1991) sun bayyana yadda rukunoni uku na ƙwayoyin gado suke ƙayyade sassan fure, inda rukuni na uku shi kaɗai yake samar da kafel a tsakiyar furen.

A Afirka ta Yamma, Dalziel (1916) ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya. Shi da Hutchinson suka wallafa babban kundin tsirran yankin tsakanin 1927 da 1936, wanda Keay da Hepper suka sabunta tsakanin 1954 da 1972. Waɗannan ayyuka sun ba da suna da siffa da amfani dangi bayan dangi. Wannan takarda ta ɗora a kansu ta hanyar tattara tsirran yanki ɗaya a ƙarƙashin ma'auni ɗaya, wato tsarin kafel.

3.0 Hanyar Gudanar da Nazari

An zaɓi tsirran ne bisa sharuɗɗa biyu: su kasance sanannu a gonaki ko dazuzzuka ko kasuwannin yankin, kuma bayanin furensu ya tabbata a kundayen da aka ambata. Kayan aikin da hanyar take buƙata su ne reza da allura da gilashin ƙara girma mai ninki 10. Ana yanka mahaifar fure a gicciye daidai tsakiyarta, sannan a tsaga wata a tsaye, a kwatanta abin da aka gani da ɗan da ya nuna.

Alamomi huɗu ake dubawa (an bayyana kalmomin a 3.1): yawan rassan makarɓa, yawan maliƙa, yawan ɗakuna, da yawan ɗinki ko ɓangarorin da ɗa yake tsagewa zuwa gare su. Ba a amince da wani adadi ba sai alamomi biyu aƙalla sun yi tarayya a kansa. Inda suka saɓa, an rinjayar da abin da fure ya nuna a kan abin da ɗa ya nuna.

3.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

Kafel: tubalin ginin sashen mace, mai sassa uku, wato mahaifa da wuya da makarɓa.
Mahaifa: kumburarren gindin sashen mace, wanda yake zama ɗa.
Makarɓa: ƙarshen wuya, inda garin barbara yake sauka.
Ƙwan-iri: abin da yake zama iri bayan barbara.
Maliƙa: wurin da ƙwan-iri yake manne a cikin mahaifa.
Ɗaki: gurbin da ke cikin mahaifa.
Shamaki: bangon da ya raba ɗaki da ɗaki. Na asali yana samuwa daga haɗuwar bangon kafel biyu, na ƙarya kuma tsiro ne da ya raba kafel ɗaya gida biyu.
Mararraba: hanyar tarayya da zaren barbara yake bi zuwa kowane kafel.

4.0 Nazari

4.1 Tsarin Tilo

A wannan tsari kafel ɗaya ne tak a fure. Dangin wake, Fabaceae, mai jinsuna fiye da 19,000, shi ne babban wakilinsa, kuma yana da rinjaye a ƙasar Gumel: wake da gyaɗa da gurjiya a gona, gawo da bagaruwa da daƙwara da tsamiya a cikin itatuwa.

Kwanson wake (Vigna unguiculata) ya fi kowanne fito da ra'ayin Goethe fili. Yana da ɗinki biyu. Ɗaya shi ne jijiyar tsakiyar ganyen, ɗayan kuma mahaɗar gefunansa, kuma a kan wannan na biyu ne duk ƙwayoyin suke jere. Wannan ita ce maliƙar gefe. Tsagewar kwanson gida biyu takan sa ɗalibi ya zaci kafel biyu ne, amma makarɓa ɗaya da maliƙa ɗaya sun tabbatar da cewa ɗaya ne.

Gyaɗa (Arachis hypogaea) tana yin fure a sarari ta yi 'ya'ya a cikin ƙasa. Bayan barbara, gindin mahaifa yakan miƙe ya zama tsinke mai kaifi, ya sunkuya ya tura mahaifar cikin ƙasa, a can ne kwanson yake girma. Tsinken da bai sami shiga ƙasa ba ba ya yin kwanso. Wannan ne dalilin da ya sa rairayi mai laushi ya dace da gyaɗa, kuma noma da fartanya kusa da gindinta bayan tsinkayen sun sauka yakan rage amfani. Kwanson gyaɗa da na gawo da na tsamiya ba sa tsagewa da kansu, saɓanin na wake, duk da cewa tsarin kafel ɗinsu ɗaya ne.

4.2 Tsarin Rarrabe

A nan kafel biyu ko fiye suna zaune a fure ɗaya, kowanne da mahaifarsa. Wannan tsari shi ne mafi ƙaranci a yankin, kuma misalansa uku kowanne yana da tasa siga.

Gwandar daji (Annona senegalensis) tana da kafel masu yawa cunkushe a tsakiyar fure, kowanne da ƙwan-iri ɗaya. Bayan barbara sukan kumbura su manne da juna su zama dunƙule ɗaya. Wanda ya ga ɗan kawai zai ɗauka tsarin haɗe ne. Zanen gida-gida da ke jikin fatarsa shi ne shaidar da ta rage, domin kowane gida kafel ɗaya ne.

Dabino (Phoenix dactylifera), wanda ake bincike a kansa a reshen Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya da ke Dutse, yana da bishiyar namiji dabam da ta mace dabam. Furen macen yana da kafel uku a rarrabe. Idan aka yi barbara, ɗaya ne yake girma ya zama dabino, biyun su bushe. Idan barbara ba ta auku ba, ukun duka suna iya girma su zama ƙananan 'ya'ya marasa ƙwallo, waɗanda ba sa nuna yadda ya kamata. Ganin 'ya'ya uku-uku a gindi ɗaya alama ce ga mai dabino cewa barbarar ba ta yi ba.

Tumfafiya (Calotropis procera) tana tsakanin tsari biyu. Mahaifunta biyu a rabe suke, amma wuyoyinsu sun haɗu a sama sun zama kai ɗaya mai kusurwa biyar. Kowace mahaifa tana iya zama kumburarren kwanso mai tsagewa ta ɗinki ɗaya, ya saki iri mai farin gashi da iska take ɗauka. Sau da yawa ɗaya ce kawai take girma. Masana suna ganin rarrabuwar tumfafiya, da ma ta dabino, ta biyo bayan haɗuwa ce a tarihin danginsu, abin da ya nuna cewa ra'ayin Bessey yana da iyaka: ba kowane tsarin rarrabe ne na asali ba.

4.3 Tsarin Haɗe

Wannan tsari ya ƙunshi mafi yawan tsirran da aka duba, daidai da ƙiyasin Endress. An kasa shi gida uku bisa matsayin maliƙa, sai riɗi da aka ware masa sashe na musamman.

4.3.1 Maliƙar Tsakiya

Idan kowane kafel ya rufe kansa kafin ya haɗu da maƙwabcinsa, mahaifa takan kasu ɗaki-ɗaki, ƙwayayen-iri kuma su jeru a ginshiƙin tsakiya. Dangin kuɓewa, Malvaceae, ya cika wannan siffa. Yakuwa da rama suna da kafel 5 da ɗakuna 5 da makarɓa mai rassa 5. Kuɓewa ma 5 ce galibi, ko da yake wasu nau'o'inta suna wuce haka. Auduga tana da 3 zuwa 5, kuka kuma 5 zuwa 10. A wajen wannan dangi, albasa tana da kafel 3, kowanne da ƙwan-iri 2, don haka fure ɗaya ba ya wuce iri 6. Zurma tana da 3, kowanne da iri ɗaya.

Game da yakuwa (Hibiscus sabdariffa) akwai abin lura. Jan zoɓon da ake busarwa a fitar zuwa ƙasashe irin su Meziko ba daga sashen mace ya fito ba. Kofin fure ne, wanda yake kumbura ya lulluɓe ɗan bayan furen ya faɗi. Ainihin ɗan shi ne kwanson da ake cirewa lokacin ɓara, wanda yake tsagewa gida biyar ya ba da gurguzu, irin da ake shukawa ake kuma yin daddawar batso da shi.

Tumatir ya nuna cewa yawan kafel yana iya sauyawa a hannun ɗan'adam. Tumatirin daji yana da ɗakuna 2, amma manyan nau'o'in kasuwa suna da 6 ko fiye. Bincike ya danganta wannan da sauyi a ƙwayoyin gado biyu masu kula da girman tsakiyar fure. Ƙarin kafel yana daga cikin dalilan da suka sa tumatir ya yi girma ya kuma yi faɗi.

4.3.2 Riɗi da Shamakin Ƙarya

Riɗi (Sesamum indicum) ya cancanci kulawa ta musamman saboda matsayinsa a tattalin arzikin yankin. Idan aka yanka kwansonsa a gicciye za a ga ɗakuna 4 da layukan iri 4. Amma makarɓarsa rassa 2 gare ta, kuma kwanson gida 2 yake tsagewa daga sama. Kafel 2 ne ke nan, kowanne shamakin ƙarya ya raba shi biyu. Akwai nau'o'i masu kafel 4 da ɗakuna 8, waɗanda aka fi sani a ƙasashen Asiya. Kwansonsu ya fi ɗaukar iri, amma hakan ba ya tabbatar da cewa amfanin gonar zai fi yawa, domin yawan kwanso da nauyin ƙwaya su ma suna cikin lissafi.

Tsagewar kwanson ita ce babbar hanyar asara. Furen riɗi yana buɗewa daga ƙasan kara zuwa sama, don haka kwansunan ƙasa sukan fara tsagewa alhali na sama ba su gama nuna ba. Al'adar manoman yankin ta dace da wannan tsari: sukan yanke riɗin da zarar ganye ya yi ruwan ɗorawa, su ɗaure shi dami-dami, su jingine a tsaye har ya bushe, sannan su kifa shi su kakkaɓe a kan tamfol. Tun da ta sama kwanson yake buɗewa, muddin yana tsaye irin yana nan a ciki. A 1943 Langham ya gano wani riɗi a Benezuwela wanda kwansonsa ba ya tsagewa, kuma daga nan aka fara ƙoƙarin samar da nau'o'in da za a girbe da inji. A Nijeriya, Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi ce take da alhakin inganta irin riɗi.

4.3.3 Maliƙar Bango

Idan kafel suka haɗu ta gefunansu ba tare da kowanne ya rufe kansa ba, mahaifa takan zama ɗaki ɗaya, ƙwayayen-iri su jeru a jikin bango. Zogale yana da ɗaki ɗaya, amma maliƙarsa 3 ce, kwansonsa kusurwa 3 gare shi, kuma gida 3 yake tsagewa. Gwanda tana da rami ɗaya da layukan iri 5 da makarɓa mai rassa 5.

Kankana da guna da kabewa da duma, 'yan dangin Cucurbitaceae, suna da kafel 3, kuma mahaifarsu tana ƙarƙashin sauran sassan fure. Shi ya sa ake gane furen mace da ɗan ƙullutun da ke gindinsa tun kafin ya buɗe. Maliƙunsu sukan kumbura su cika cikin mahaifa. Furen kankana na namiji dabam ne da na mace, kuma yini ɗaya yake yi a buɗe. Binciken da aka yi a Amurka ya nuna cewa furen mace yana buƙatar ƙwayoyin garin barbara kimanin 1,000, waɗanda suka bazu a kan rassan makarɓa ukun, abin da yake buƙatar ziyarar zuma kimanin 8. A tsari mai cikakkiyar mararraba, zaren barbara yana shiga ta ko'ina ya isa kowane kafel, kamar yadda zaure ɗaya yake kai baƙo kowane sashe na gida. A kankana zare kaɗan ne yake ƙetarawa zuwa kafel na kusa. Idan reshe ɗaya bai sami isasshen gari ba, ɓangarensa yakan tsumbure, kankanar ta fito a karkace.

4.3.4 Ɗaki Ɗaya, Ƙwai Ɗaya: Dangin Hatsi

Gero da dawa da masara da shinkafa suna da mahaifa mai ɗaki ɗaya da ƙwan-iri ɗaya, abin da ya sa ake yawan sanya su a tsarin tilo. Gero da dawa makarɓa 2 gare su masu kama da gashin tsuntsu, kuma nazarin tasowar furen ya sa yawancin masana suka tafi a kan cewa kafel 3 ne suka haɗu. A waɗannan tsirrai bangon mahaifa yana manne da fatar iri, don haka kowace ƙwayar gero cikakken ɗa ce. Dusar da take fita lokacin surfe ta ƙunshi wannan bango.

A gero (Pennisetum glaucum) makarɓu suna fitowa kwanaki kaɗan kafin sassan namiji na zangarniyar su saki gari. Saboda haka yawancin barbararsa daga wasu zangarnu take zuwa ta hanyar iska. Wannan ne ya sa ingantaccen irin gero yake saurin gaurayuwa da na gonar maƙwabci idan ba a ba da tazara ba. A masara kuwa, kowane silin gashi daga mahaifa ɗaya ya fito, kuma duk silin da gari bai sauka a kansa ba gurbinsa yakan zauna fanko a jikin goyon.

4.4 Zubar da Kafel Bayan Barbara

Wasu itatuwa suna fara rayuwar furensu da kafel da yawa su ƙare da iri ɗaya. Furen aduwa (Balanites aegyptiaca) yana da ɗakuna 5, kowanne da ƙwan-iri ɗaya, amma ƙwallo ɗaya ne yake kaiwa ga nuna. Darbejiya tana da ɗakuna 3, ɗanta kuma galibi iri ɗaya yake ɗauka. Giginya da goruba 'yan dangi ɗaya ne, kowace da kafel 3 a haɗe. A giginya ukun sukan girma, shi ya sa ake samun ƙwallo har 3 a ɗa ɗaya. A goruba ɗaya ne yake girma a mafi yawan lokuta.

5.0 Sakamakon Nazari

Na farko, tsare-tsaren uku duk suna da wakilai a ƙasar Gumel da kewayenta: wake da gyaɗa da gawo ga tilo, gwandar daji da dabino ga rarrabe, kuɓewa da riɗi da kankana da gero ga haɗe, sai tumfafiya a tsakani.

Na biyu, siffar ɗa tana saɓa wa tsarin fure ta hanyoyi huɗu. Shamakin ƙarya yana ƙara yawan ɗakuna, kamar a riɗi. Rashin shamaki yana rage su, kamar a zogale da gwanda da gero. Zubar da kafel yana rage yawan iri, kamar a aduwa da goruba da dabino. Mannewa bayan barbara tana ɓoye rarrabuwa, kamar a gwandar daji.

Na uku, rassan makarɓa da yawan maliƙa sun fi ɗakuna da ƙwayoyi aminci wajen ƙirga kafel, ko da yake dangin hatsi ya nuna cewa makarɓa ma tana iya gazawa idan aka dogara da ita ita kaɗai.

Na huɗu, dabaru da dama da manoma suka gada, kamar jingine riɗi a tsaye da barin gindin gyaɗa ba taɓawa bayan saukar tsinke, suna da tushe a tsarin sashen mace na fure.

6.0 Shawarwari da Kammalawa

Takardar tana ba da shawarar cewa malaman ilimin halittu da na aikin gona, musamman a Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel da makarantun sakandaren yankin, su sanya darasin a watannin Agusta da Satumba lokacin da gonaki suke fure, su kuma yi amfani da wake da tumfafiya da kuɓewa da riɗi da zogale, suna nuna fure da ɗa tare. Malaman gona su wayar da kan masu noman kankana su guji feshin maganin ƙwari da safe, lokacin da fure yake buɗe kuma zuma take aiki. Masu samar da irin gero su kiyaye tazara tsakanin gonar iri da sauran gonaki. Masu bincike a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa su tattara nau'o'in riɗin gargajiya na Maigatari da Gagarawa, su auna yawan kafel da ƙarfin riƙon iri na kowanne, domin a sami tushen zaɓen irin da zai rage zuba a gona. Hukuncin da nazarin ya cimma shi ne cewa tsarin kafel a fure ake tabbatar da shi, kuma ba a yanke adadinsa sai da alamomi biyu aƙalla.